Tsoron tiyata na nakasa mana kafafu

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikata, dan Allah a taimaka a bani fili a shafin wasiku, kuma a yi hakuri da tsawon rubutun dan maganar ce bata gajartuwa. Ni ba likita bane ba kuma nas ba, baduku ne, takalmi nake dinkawa a cikin birnin Kano kuma gadon gidanmu ne. Amma sana'ar tamu ta kallon kafa ce, duk wanda zai zo a yi masa takalmi sai ya tube ya dora kafarsa akan kwali na zana, to a haka naga kafafu kala kala wadanda ko 'yan gidan mutum basu taba gani ba saboda ana boyesu a cikin safa ko karkashin zani. Abinda ya dameni har na dauki waya nake wannan rubutu shine yawancin masu zuwa wajena a yi musu takalmi na musamman, ba wajena ya kamata su fara zuwa ba. Sai a kawo min yaro dan shekara shida yana taka gefen kafa ace Malam a dinka masa wanda zai mikar da ita, ko magidanci da idon sawunsa ya hade a karkace yace in kara masa dunduniya ta gefe daya. Wallahi takalmi baya mikar da kashi, iyakacinsa ya rufa asiri.

Idan nace ku je asibitin kashi amsar kusan daya ce ko daga bakin wa ta fito, wai can yanke kafa suke. Wannan magana ta zauna a kan mutanenmu daram, birni da kauye, mai boko da wanda bai yi ba. Kuma na gane inda ta samo asali, mutum ne zai kwana wata biyu a gida ana ta shafe shafe da daure daure har kafa tayi baki tana wari, sannan a dauke shi a kai asibiti lokacin da babu abinda ya saura sai a raba shi da ita dan a ceci ransa, sai 'yan dubiya su dawo unguwa suna cewa kunga ni ai dama mun fada. Babu mai tambaya yaushe aka kaishi. Wadanda aka yiwa aiki suka tashi da kafarsu suna zuwa kasuwa kuwa ba wanda yake nunasu, tunda ba a ganin komai a jikinsu.

Bari in fara da jarirai dan nan ne abin yafi ci min rai. Akwai yaran da ake haifa da murdaddiyar kafa, tafin ya juya ciki yana kallon dan uwansa, diddigen ya dage sama, yatsun sun nuna kasa. Masana sunce a kowace haihuwa 1000 ana samun kamar guda daya, maza sun ninka mata, kuma kusan rabinsu kafa biyun ne. To Edita ka lissafa yawan haihuwar da ake yi a Kano kadai a shekara ka gani ko karamin abu ne. A wajenmu kowa da abinda yake dorawa laifi, wani yace uwar ce ta fita da almuru da ciki, wani yace ta yiwa gurgu dariya, wani yace shan inna ce, alhali shan inna bayan haihuwa take kama yaro ta shanye masa kafa, wannan kuwa da ita ake zuwa duniya kuma kafar da karfinta, jijiyoyi ne da naman ciki suka daure ta suka janyeta gefe guda. Uwa bata yi komai ba. Amma ita ce zaka ga ta nade jaririn ruf ranar suna dan kar dangin miji su gani, wata ma har arba'in ba wanda ya san halin da ake ciki sai ita da unguwar zoma.

Abin takaicin shine wannan matsala tana da gyara mai sauki kuma an dade da sanin gyaran. Wani likitan kashi ne dan asalin kasar Sifen mai suna Ponseti, wanda yayi aiki a jami'ar Ayowa ta Amurka, ya lura cewa yaran da ake yiwa babbar tiyata ana farke kafar gaba daya, idan sun girma kafar sandarewa take tana ciwo. Sai ya fito da hanyar murza kafar da hannu a hankali ana sa mata siminti, ya wallafa sakamakonsa tun 1963 amma sai wajen karshen shekarun 1990 duniya ta waiwaye shi, ya rasu a 2009, yanzu ranar haihuwarsa 3 ga Yuni ita aka ware dan tunawa da masu wannan lalura. Yadda ake yi, tun jariri yana sati daya ko biyu likita zai rike kafar ya dan juyata kadan zuwa inda ya kamata, sai a sa siminti daga yatsu har cinya da gwiwar a lankwashe, a bar yatsun a waje dan uwa ta rika duba kalarsu. Bayan sati a cire a kara juyawa a sa sabo. Yawanci sau biyar zuwa takwas kafa ta dawo daidai. Mu dukawa mun san fata tun tana da danshi ake dorata a katako ta dauki siffar da ake so, idan ta bushe sai dai wuka, to kashin jariri haka yake, yawancinsa guringuntsi ne bai gama kwari ba. Sama da kashi 90 cikin 100 na yaran da aka bi da su wannan hanya yadda ya kamata suna tashi da kafa mai taka kasa sosai, suna gudu suna kwallo.

To daga nan ne ake samun matsala ta farko, kuma ita ce dalilin da yasa nake so jaridarku ta yi bayani da Hausa. Bayan an gama simintin, a mafi yawan yaran agarar nan ta bayan diddige tana nan a takure, ita ke hana diddigen sauka kasa. Sai likita yace za'a yi dan karamin aiki a tsinka ta. Da uba yaji kalmar aiki da kalmar tsinka jijiya shikenan an gama ganinsu, sai ya kwashe iyalinsa yace ba za'a nakasa masa da ba. Dan kanina an yi masa ina tsaye a bakin kofa, allurar kashe zafi aka yi a wajen kawai ba ta barci ba, yankan bai kai fadin farcen karamin yatsa ba, kafin uwar ta gama share hawaye an miko mata shi ta bashi nono yayi shiru. Aka mayar da siminti na sati uku, a cikin wannan sati ukun agarar take sake hadewa da kanta amma da tsawon da ake bukata, dan jikin jariri haka Allah ya yi shi. Yanzu sai ka duba da kyau zakaga tabon. Wannan dan yankan shine iyakar tiyatar da yawancin yaran nan suke bukata a rayuwarsu, amma shi ake gudu, a je a jira babba.

Matsala ta biyu ta shafi sana'ata kai tsaye. Bayan an cire simintin karshe ana bada wani takalmi, kafa biyu ne a hade da sandar karfe a tsakani, fadin sandar daidai fadin kafadun yaron, takalmin kafar da aka gyara a juye yake waje sosai kamar digiri 60 zuwa 70, idan dayar lafiyayya ce nata juyin bai kai haka ba. Wata uku na farko yaro yana cikinsa awa 23 a rana, wanka kawai ake cire masa, daga nan sai ya koma na barci dare da rana har ya kai shekara hudu ko biyar. Na kasar waje tsada ne dasu, amma wani ma'aikacin gashin kashi dan kasar Holan mai suna Steenbeek da yayi aiki a Yuganda ya fito da wanda ake yi da fata da rodi da 'yan kusoshi, duk baduku mai hankali idan aka nuna masa awo zai iya, kuma aikinsu daya da mai tsadar. Na dinka irinsa, sirrin yana wajen diddige, dole ya zauna can kasa kar ya rika zamewa, shi yasa ake huda 'yar kofa a bayan takalmin dan uwa ta leka ta tabbatar, sannan fatar ciki ta zama mai laushi ba mai sa kanta ba, kuma yaro yana girma ana canza lamba. Ba takalmin ne ke gyara kafa ba, siminti ya riga ya gyara, shi rikewa yake kar ta koma. Kuma tana komawa fa. Yawancin yaran da kafarsu ta sake murdewa idan ka bincika zakaji an ajiye takalmin ne.

Ban cika ganin laifin iyaye mata ba a nan. Kwanakin farko yaro kuka yake dan bai saba a hade masa kafa ba, uwa bata barci, ga goyo da karfe a tsakanin kafafu ba dadi, ga kaka tana fada wai an daure mata jika kamar wanda yayi sata, kafa ai ta mike me kuma ake nema. Uba kuma tunda yaga kafa ta yi kyau sai ya daina bada kudin mota, mace daga kauye ta taso tun asuba duk sati ta shiga mota biyu ko uku da jariri mai siminti a cinya, wannan ba wasa bane. Ni a ganina duk asibitin da zai fara wannan aiki ya kamata ranar farko ace sai uba da kakar yaron sun zo an zaunar dasu an nuna musu hoton kafar da aka rike takalmi da wadda aka ajiye, dan su ne masu yanke hukunci a gida, ita uwar umarni take bi. Kuma idan kafa ta fara komawa ba karshen duniya bane, a koma da wuri, sau da yawa siminti kadan ne zai dawo da ita, wani lokaci idan yaron ya dan tasa sai a dauke wata jijiya daga gefen ciki na kafar a maida ita tsakiya dan ta daina janta gefe.

Wanda aka bari kuwa har ya fara tafiya a haka, shi ne wanda nake gani a shagona. Yana taka bayan kafa ko gefenta, wajen yayi kanta mai kauri wani lokaci ya fashe ya zama gyambo, ba takalmin kasuwa da zai shiga, a makaranta yara su sa masa suna, da yawa daga nan sai bara. Ko a wannan matakin ma likitoci suna gwada siminti kuma yana taimakawa yara masu 'yan shekaru, sai dai yafi daukar lokaci. Amma wanda ya zama saurayi ko budurwa kashin ya riga ya ginu a karkace, sai babban aiki, a bude kafa a saki jijiyoyi a yanke wani bangare na kashi, wani a hade masa gabobi uku na bayan kafar su zama daya, zai taka tafin kafa a kasa ya sa takalmi amma kafar bazata rika juyawa gefe da gefe kamar ta kowa ba har abada. Wasu kuma a sa musu karfen nan mai zobba da wayoyi da ke ratsa kashi, wanda likitan Rasha Ilizarov ya kirkiro, ana daure noti kadan kadan kullum tsawon watanni. Duk wannan alheri ne kuma naga wadanda aka yiwa suka yi aure suna sana'a, bana so wani babba ya karanta yace shi tasa ta kare. Amma a dubi kudin da wahalar da zaman asibitin, a gwada da siminti shida da dan yankan da bai kai farce ba.

Kuma ba wai babu inda za'a je bane. Asibitin kashi na Dala yana nan tun 1959, ga asibitocin koyarwa na Malam Aminu Kano da Shika a Zariya da na Sakkwato da Maiduguri duk suna da sashen kashi, 'yan uwanmu na Nijar kuma akwai asibitin yara na CURE a Yamai da aka bude a 2010 wanda irin wannan aiki yana cikin abinda suka fi yi. Abinda ya rage shine unguwar zoma da ma'aikatan karamin asibiti da wanzamin da ke zuwa ranar suna su san cewa idan sunga irin wannan kafa maganar ta wannan satin ce, kar a ce bari yayi wayo.

Sai maganar karayar idon sawu, wadda ita kuma ta manya ce, dan babur da dan kwallo da magini da ya fado daga kan bene da tsohuwar da santsi ya kwasa a bandaki. Mutane suna daukar idon sawu kamar kashi daya ne, alhali mahada ce ta kashi uku, babban kashin kwauri da siririn da ke gefensa sun yi baki sun rike wani kashi a tsakiya, duk nauyin mutum a kan wannan dan wajen yake sauka. Wani likita ya taba fada min cewa an yi gwaji tun 1976 aka ga idan kashin tsakiyar nan ya goce da milimita daya tak, wajen da kasusuwan ke haduwa yana raguwa da kusan kashi 40 cikin 100, ma'ana nauyin da ya kamata ya bazu sai ya taru waje guda yana cin gabar. Milimita daya fa Edita, wane hannu ne zai shafa ta kan kumburi ya gane wannan? Shi yasa ake hoto. Ba kowace karaya ake yiwa aiki ba, idan kashi bai goce ba siminti ne na kamar sati shida a gama. Idan ya goce ko ya karye ta gefe biyu shine ake budewa a jera shi a daure da falle na karfe da sukurori, yawanci ma allurar baya ake yi mutum idonsa biyu yana jin hirar ma'aikata. Wani lokaci likita zai ce a jira kumburi ya sauka kwana kadan kafin a yanka, sai dangi su dauka wulakanci ne su sa hannu su fice da mara lafiya cikin dare.

Bana cikin masu zagin masu dori, kar a fahimceni ba daidai ba. Gado ne kamar nawa, suna kusa da mutane, zasu zo har gida, zasu karbi abinda ya samu ko a biya kadan kadan, suna magana da mutum da harshensa da mutunci, kuma akwai karayar da ko a ina aka daure ta zata hade. Amma akwai wuraren da ya kamata mai dori mai tsoron Allah yace wannan ba tawa bace. Karayar da kashi ya huda fata ya fito, wannan kwayoyin cuta sun riga sun shiga, tana bukatar wanki a dakin tiyata da allurai da ta titanus a ranar, idan aka cusa mata garin magani aka nade to kashin ne zai rube yana fitar da mugunya shekara da shekaru. Sai karayar cikin gaba irin ta idon sawu. Sannan daurin karare da ake tamkewa da karfi akan kafar da take kan kumbura, jini ya kasa wucewa, mutum yana ihu ana ce masa daure ai dorin ne yake kamawa. Ba kamawa yake ba, naman ne yake mutuwa, kuma awa shida zuwa takwas sun isa a yi barnar da bata gyaruwa. Duk wanda aka yiwa dauri, na gida ko na asibiti, yaga yatsu sun yi sanyi ko sun canza kala ko baya jinsu ko ciwon karuwa yake maimakon raguwa, a kwance a tafi asibiti a lokacin ko tsakar dare ne. Na san akwai masu dorin da yanzu suke cewa sai an kawo hoto kafin su taba, Allah ya saka musu, irin su ya kamata a rika sawa a rediyo.

Wanda idon sawunsa ya hade a karkace baya ganewa nan take, zai tashi yana dingishi yana murna ya tsira daga wuka, sai bayan 'yan shekaru gabar ta cinye, safiya tayi ya kasa taka kasa, tsugunno ya gagara, zaman tahiya ya gagara. A nan aikin da ya saura yawanci shine a kankare gabar a hade kasusuwan su zama daya, ciwo zai tafi amma lankwasawa ta tafi kenan. Su kuma masu tsoron karfe, wai zai yi tsatsa a jiki ko zai jawo tsawa da damina ko wai dole sai an sake yanka an cire, karfen ba irin na kasuwar Kofar Ruwa bane, an yi shi ne dan zama a jiki, da yawa suna mutuwa da nasu a tsufa bai taba damunsu ba, sai wanda yake gogar fata ko ya kawo matsala ake cirewa. Abinda yake bata aikin shine mutum ya taka kafin lokacin da aka ce masa, ko ya ki zuwa gashi, ko yana ta zukar sigari wadda take hana kashi da ciwo hadewa da wuri.

Su ma asibitocin sai sun gyara, dan ba tsoro kadai ke korar mutane ba harda kudi da yanayin karba. Mutum yazo da kafa a karye ace sai ya ajiye kudin karfe da kudin dakin tiyata kafin a kalle shi, a rubuta masa takarda da turanci ba wanda ya zauna ya zana masa abinda za'a yi, a bashi ranar aiki mai nisa, ranar tazo ace ana yajin aiki ko babu wuta. Talaka yana fita bakin get zai hadu da mai ce masa zo in kaika wajen wani mai dori, kwana arba'in ka tashi. Wa zai ga laifinsa? An yi dokar inshorar lafiya ta kasa a 2022 wadda tace kowa ya shiga, jihohi ma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya, to muna so a fito a fada mana da Hausa shin siminti da takalmin jarirai da karfen karaya suna ciki ko basa ciki, kuma dan kasuwa ko mai sana'ar hannu irina ta ina zai shiga.

Masu ciwon suga kuwa su ne suka fi kowa shan wannan magana ta yanke kafa, kuma a nan ma gaskiyar ita ce mafi yawan yankewar daga dan karamin ciwo take farawa. Suga idan ya dade yana kashe jijiyoyin ji na kafa, mutum zai taka kusa ko kaya bai sani ba, zai taka dandamalin masallaci da rana tsaka babu takalmi tafin ya kone bai ji ba, da hunturu ya mika kafa jikin kasko ya tashi da bororo, ko mai yankan farce ya dan yanke shi da aska, ko sabon takalmin sallah ya matse shi. Na sha karbar takalmin dattijo in gyara in sa hannu inji kusa ta fito ta ciki, in ce Baba wannan bata sukarka? yace shi bai ji komai ba, a duba kafa a ga rami. Dan Allah mai suga ya rika zazzage takalmi yana shafa cikinsa kafin ya sa, ya duba tafin kafarsa kullum ko yasa jika ya duba masa, ya goge tsakanin yatsu bayan alwala, ya sayi takalmi da yamma lokacin da kafa ta dan kumbura kuma mai fadin gaba. Idan ciwo ya fito likita zai ce a kankare mataccen nama, wani lokaci yace a cire yatsa daya, to a nan ake taron dangi, sai an jira Yaya ya dawo daga tafiya, sai an gwada wani mai magani da aka ce yana da sa'a, sati biyu ta wuce rubewar ta haura, abinda da yatsa ne ya koma kasan gwiwa, na kasan gwiwa ya koma cinya. Kuma bambancin ba kadan bane, wanda aka bar masa gwiwarsa yana tafiya da kafar roba cikin sauki fiye da wanda aka yanke a sama nesa ba kusa ba.

Rokona gareka Edita shine ku tura wakilinku ya zauna a asibitin kashi ranar da ake ganin jariran nan, ya dauki hoton kafa kafin siminti da bayansa da izinin iyaye, ya samu likitan kashi mai jin Hausa ya tambaye shi nawa ne kudin kowane mataki, wace rana ake zuwa, a wadanne garuruwa ake yi banda manyan birane, sannan ku buga ku kuma sa a Facebook da WhatsApp da murya dan wadanda basa karatu. Ku hada da Sarkin dori ko daya daga cikin manyansu a zauna tare da likita a teburi daya a fada mana wace karaya ce ta wa. Mu kuma dukawa idan asibitoci zasu kira mu su koya mana awon takalmin karfen nan yadda ya kamata su rika duba abinda muka dinka, akwai hannaye a Kofar Wambai da zasu wadata Arewa gaba daya da shi a farashin da uban yaro zai iya biya duk lokacin da kafa ta kara lamba.

Nagode da fili, Allah ya kara daukaka.

Wassalam,
Mai dinkin takalmi, daga birnin Kano